Abin Da Ya Sa Gwanayen Golf Ba Su Yarda Da Idonsu Ba

Ran Lahadi, 27 ga watan Janairu na shekara ta 2019, wani saurayi ɗan ƙasar Sin mai suna Li Haotong ya yi asarar kuɗi kusan dala dubu 100 a birnin Dubai, ba don ɓarayi sun tare shi ba, ba kuwa don ya yi mummunan bugu ba. Shi ne ke riƙe da kambin gasar golf ta Dubai Desert Classic, wadda ya ci a 2018, kuma a rami na ƙarshe ya gara ƙwallonsa ta faɗa yadda ake so, har 'yan kallo suka yi masa tafi. Yana barin wurin sai alƙalan wasa suka shaida masa cewa an ci shi tarar bugu biyu. Laifin kuwa shi ne, a sa'ad da ya fara gyara tsayuwarsa, mai ɗaukar masa jaka yana tsaye a baya, daidai kan layin da ƙwallon za ta bi. Wannan tsayuwa ta 'yan daƙiƙoƙi ita ce ta sauko da shi daga sahun na uku zuwa sahun na goma sha biyu.

Wanda bai san wasan ba zai ce wannan ai zalunci ne tsagwaronsa, kuma a lokacin har shugaban hukumar gasannin Turai, Keith Pelley, ya fito fili ya ce hukuncin ya yi tsanani. To, amma dokar, wadda ta fara aiki ran 1 ga wannan wata na Janairu, tana da tushe. Hukumomin nan biyu masu tsara dokokin golf na duniya, watau R&A ta garin St Andrews a Sikotlan da USGA ta Amurka, sun tsaya a kan cewa iya fuskantar inda mutum yake nufi wani sashe ne na gwanintar wasan, tilas ne kuma ɗan wasa ya yi shi da idonsa, ba da idon wani ba. Da saiti abu ne mai sauƙi, da ba a ɓata tawada wajen rubuta masa doka ba.

INDA WUYAR TAKE

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na jefa 'yar ƙaramar ƙwallo cikin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Maharbi yakan sa kibiya ko bakin bindiga a gaban idonsa, ya dubi abin harbi kai tsaye. Mai bugun fanareti yana fuskantar raga. Ɗan golf kuwa a gefen ƙwallo yake tsayawa, kafaɗarsa ce ke kallon inda yake so ta tafi, idonsa yana ƙasa, in zai dubi tuta sai ya karkata kai ya leƙa ta a kaikaice. Idon ɗan Adam bai saba auna miƙaƙƙen layi ta wannan hali ba, shi ya sa abin da mutum ke ji a ransa cewa ya fuskanta da abin da ya fuskanta a haƙiƙa sukan sha bamban, shi kuwa bai sani ba.

Kuskuren ba sai ya yi yawa ba. Faɗin ramin golf inci 4 da kwata ne. Idan ƙwallo tana nesa da rami da ƙafa 10, fuskar sanda kuma ta karkace da digiri ɗaya tak, ƙwallon za ta isa wurin ta kauce da inci 2 da ɗoriya, watau daidai gaɓar ramin, inda ko ta faɗa ko ta leƙa ta wuce. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar digiri ɗaya, sai ya dubi agogo mai hannu: tazarar da ke tsakanin minti ɗaya da mai bi masa digiri 6 ce. A dogon bugu na yadi 200, kowane digiri ɗaya yana kautar da ƙwallo yadi 3 da rabi. Wanda ya karkace da minti ɗaya na agogo ke nan ya kauce da yadi 21, alhali kuwa hanyar da ake aske wa ciyawa domin ƙwallo ta sauka sau da yawa ba ta wuce yadi 30 zuwa 40 a faɗi ba, rabinta ke nan ta kowane gefe. Ko da bugun ya fita sumul, a daji ko a ruwa za a je neman ƙwallon.

Malaman wasan sun daɗe suna buga misali da layin dogo. Ƙarfe ɗaya shi ne layin da ya tashi daga ƙwallo ya nufi tuta. Ƙarfe na biyu shi ne wanda ɗan wasa ke tsaye a kai, watau layin ƙafafunsa da ƙugunsa da kafaɗunsa. Ƙarafan nan biyu tafiya suke yi a jere, ba sa haɗuwa. Saboda haka mai bugu da hannun dama, jikinsa ba tuta zai fuskanta ba, sai ɗan hagu da ita. Galibin masu koyo a nan suke faɗuwa: sai mutum ya dubi tuta ta kan kafaɗarsa ta hagu, ya jera kafaɗun da ita, ya ji zuciyarsa ta kwanta, alhali ya juya jikinsa dama ɗungum.

Babbar illar ma ba ita ce kaucewar ƙwallo ba. Jiki yana da wayo. Idan mutum ya tsaya a karkace, ido ya hango tuta a hagu, hannuwa za su fara jawo sanda ta ratso jiki domin su kai ƙwallon inda ido ya gani. Wata rana kuskure biyu su haɗu su haifi bugu mai kyau, mutum ya ƙara sakankancewa. Wata rana kuwa ƙwallo ta tsere hagu, ko ta tashi ta lanƙwashe dama kamar lauje. Daga nan sai a shiga canza riƙon sanda, a sayi sabbin sanduna masu tsada, a zagi iska, a zagi mai ɗaukar jaka. An bar jaki ana dukan taiki, domin kuwa tun kafin a ɗaga sanda aka ɓata bugun.

SANDA BIYU A ƘASA

Maganin da ya fi kowanne daɗewa shi ne mafi arha. A da, ɗan wasa yakan zaro sandunan bugu biyu daga jakarsa ya shimfiɗa a ƙasa a wurin gwaji. Daga shekarun 2000 sai wasu sirara masu launi, na roba mai ƙarfi da aka haɗa da zaren gilashi, masu tsawon kimanin ƙafa 4, suka cika jakunkunan 'yan wasa. Abin dariya shi ne irinsu ake sayarwa a kantunan kayan gini na Amurka domin a kafa a bakin hanyar shiga gida, motar kwashe dusar ƙanƙara ta san inda hanya ta ƙare. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka buga musu suna suka ƙara kuɗi. Aikin dai ɗaya ne, kuma miƙaƙƙen karan dawa ko siririn bututun roba na masu aikin lantarki zai yi shi.

Yadda ake aza su shi ne abin lura. Daga bayan ƙwallo ake shimfiɗa ta farko, mutum yana fuskantar tuta da idonsa biyu, a ajiye ta ɗan nesa kaɗan da ƙwallon yadda kan sandar bugu ba zai taɓa ta ba. Ta biyu a jera ta da ta farko a wajen ƙafafu. Wanda ya auna ta ƙafafun da tuta ya maimaita kuskuren da ya zo gyarawa, sai dai yanzu ya samo masa shaida. Wasu sukan gitta ta uku a tsakanin ƙafafu domin su san ko ƙwallo ta yi gaba ko ta yi baya a tsayuwarsu, domin matsar da ƙwallo gaba yakan buɗe kafaɗu, mayar da ita baya kuma ya rufe su, ko da ƙafafun suna daidai. Akan kuma soke ɗaya a tsaye, 'yan yadi kaɗan a gaba, a kan layin tuta, don a ga ko ta dama ko ta hagu da ita ƙwallo ta fara tashi. Kafaɗu kuwa, waɗanda suka fi ƙafafu tasiri a kan hanyar da sanda za ta bi, mutum ba ya iya ganin nasa, sai aboki ya aza masa sanda a ƙirji ya ja baya ya duba, ko kuwa a ɗauki hotonsa daga baya.

Kada a ɗauka wannan aikin 'yan koyo ne. Wanda duk ya leƙa wurin gwaji a babbar gasa zai tarar da gwanayen duniya a jere, kusan kowa da sanda a ƙasa, kamar ba su taɓa riƙe kofi ba. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni akwai Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, wanda tsofaffin 'yan kallo na ƙasar nan za su tuna da shi domin shi ya ci gasar Nigerian Open a 1988, tun duniya ba ta san shi ba. Singh yakan wuni a wurin gwaji, ya kewaye kansa da sanduna, wata a kwance, wata a soke a ƙasa, yana buga ƙwallo ɗaruruwa. A 2000 ya ci gasar Masters, a 2004 kuma ya ci gasa 9 a jerin gasannin Amurka ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods, yana da shekara 41.

A BAKIN RAMI

A kan lallausan dandalin da ke kewaye da rami, inda ba a ɗaga ƙwallo sama sai dai a gara ta, nan ne kayan gwaji suka fi yawa, nan ne kuma suka fi ba mutum kunya. Mafi tsufa cikinsu aro ne daga magina: igiya ce da ake turbuɗa wa garin alli, a ja ta daga rami zuwa inda za a tsaya, a ɗaga a saki, ta bar miƙaƙƙen layi a kan ciyawa. Sau da yawa wanda ya fara tsayawa a kan irin wannan layi sai ya rantse cewa layin ya karkace, ya nufi dama ko hagu da ramin. Ya koma baya ya tsuguna ya duba, ya ga layin sak. Wannan ita ce fa'idar kayan gwaji baki ɗaya, watau su nuna wa mutum ƙaryar idonsa ƙiri-ƙiri, ya yi ta maimaitawa har abin da yake daidai ya fara yi masa kama da daidai.

Akwai mai ɗaure zare tsakanin tsinkayen ƙarfe biyu, ya ratsa ta saman ƙwallo. Akwai madubi mai layuka da ake ajiye ƙwallo a kai, mutum ya ga ko idanunsa suna bisa ƙwallon ko sun yi ciki ko sun yi waje, domin matsar da kai inci ɗaya ko biyu yana canza yadda layi ke bayyana ga ido. Akwai mai gara ƙwallo a kan dogon ma'auni na ƙarfe mai tsawon yadi ɗaya, in fuskar sanda ta karkace ko kaɗan ƙwallon ta zame ta gefe kafin ta kai ƙarshe. Tiger Woods, wanda ya ci manyan gasanni 15, nasa ya fi na kowa sauƙi: 'yan turakun nan biyu da ake ɗora ƙwallo a kai yake kafawa, da tazarar da kan sandar garawa zai wuce da ƙyar, 'yan ƙafafu kaɗan daga rami, ya yi ta garawa ta tsakaninsu, wani lokaci ma da hannun dama kaɗai.

Mutumin da ya mayar da wannan sashe ilmi shi ne Dave Pelz, masanin kimiyya wanda ya yi shekaru yana aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kafin ya bar ta a tsakiyar shekarun 1970 ya koma auna 'yan golf. Ya ƙera wani ɗan faranti mai layi a tsakiya da ƙananan ƙwallaye biyu a bakinsa, in ƙwallo ba ta fita sak ba sai ta ture ɗaya. Phil Mickelson yana cikin waɗanda suka yi aiki da shi. Pelz ya rasu a 2025. Daga wata dabara tasa ce kamfanin Odyssey ya fito da sandar garawa a 2001 mai fararen da'irori biyu a bayan kanta, kowace girman ƙwallo, yadda mai bugu zai ga kamar ƙwallo uku ne a jere suna nuna rami. Irin wannan taimako da aka gina a jikin sanda doka ta yarda da shi. Haka kuma ta yarda mutum ya ja layi a jikin ƙwallonsa, ya tsuguna ya auna shi da inda yake nufi, har kamfanin Callaway ya fito da ƙwallo a 2019 mai layi uku, ja a tsakiya, shuɗi biyu a gefe. Sai dai faɗin ƙwallo bai kai inci 2 ba, kuma auna ɗan gajeren layi irin wannan da rami mai nisan ƙafa 20 ba ƙaramin aiki ba ne. Da yawa sukan ɓata lokacin jama'a suna juya ƙwallo, sa'an nan su miƙe su ga layin bai yi musu ba, su buga da zuciya biyu, wanda ya fi rashin layin muni.

A nan akwai wata 'yar gata da tsofaffin filayen ƙasar nan suka ba masu koyo ba tare da an lura ba. Golf ya daɗe a Nijeriya, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, kuma shekaru da dama a filaye masu yawa ba ciyawa ce ke kewaye da rami ba, rairayi ne da aka cuɗa da mai aka daddale. Ƙwallon da aka gara a kan sharerren rairayi takan bar sawunta, mai bugu ya ga daidai inda ta fara bi, abin da mai wasa a kan ciyawa ba ya samu sai da sassafe in akwai raɓa.

NA'URA TA GYARA WA MALAMAI KARATU

Shekaru masu yawa malaman golf suna koyar da cewa ƙwallo takan fara tashi ne ta bi hanyar da kan sanda ya biyo, karkatar fuskar sanda kuwa ita ke sa ta lanƙwasa daga baya. Tun a 1968 wani bincike da aka yi a Ingila, wanda Alastair Cochran da John Stobbs suka buga, ya nuna ba haka abin yake ba, amma ba a saurara sosai ba. Sai da wani kamfani na ƙasar Denmak mai suna TrackMan, wanda aka kafa a 2003, ya kawo na'urar rada irin wadda ake bin sawun harsashi da ita, ya ajiye ta a bayan 'yan wasa, gardama ta ƙare. Na'urar ta nuna cewa inda fuskar sanda ke kallo a lokacin da ta haɗu da ƙwallo shi ne ke da mafi yawan iko a kan inda za ta fara nufa, kimanin kashi 85 cikin 100 a babbar sandar bugun farko, ya ɗan ragu a gajerun sanduna.

Ma'anar wannan ga mai neman saiti a fili take. Fuskar sanda ake fara aunawa, sa'an nan a gina tsayuwa a kanta. Wanda ya fara dasa ƙafafu kana ya sauke sanda ya fara gini daga rufi. Kuɗin irin wannan na'ura ya haura dala dubu 20, sandunan saiti biyu kuwa ba su wuce kuɗin abincin rana ba. Duk da haka ita ma na'urar sai an fara nuna mata inda ake nufi. In aka girka ta a karkace, duk lissafin da za ta bayar na dama da hagu a karkace zai fito, da lambobi masu kyaun gani.

RANAR GASA BA MAI TAIMAKO

Duk kayan nan da aka lissafa, da zarar an buga ƙwallon farko ta gasa sun haramta. Ana iya barin sandunan saiti a cikin jaka, ba a ƙidaya su cikin sandunan bugu 14 da doka ta ƙayyade, ana ma iya miƙe gaɓoɓi da su, amma ba a auna komai da su. Wani Ba'amurke, Jeff Overton, ya ɗanɗana wannan a watan Mayu na 2013 a gasar filin Colonial da ke jihar Texas. Ya gama ramuka 9, ya tarar da cunkoso a na 10, ya ratse wurin gwajin garawa da ke kusa domin ya rage lokaci, abin da aka yarda da shi. Kuskurensa shi ne ya fito da abin gwada saiti. Aka kore shi daga gasar. A 2016 aka sassauta hukuncin: karo na farko tarar bugu biyu, na biyu kora.

Hukumomin sun daɗe suna toshe irin waɗannan ƙofofi. A 1966 Sam Snead, wanda ya ci gasa 82 a jerin gasannin Amurka, da hannunsa ya fara rawa a gajeren bugu, sai ya koma tsayawa ƙwallo tana tsakanin ƙafafunsa, yana fuskantar rami kai tsaye kamar maharbi. Dabarar ta yi masa aiki, domin ta kawar da ainihin wuyar saiti. Ran 1 ga Janairu 1968 aka hana tsayawa a kan layin ƙwallo ko raba ƙafafu a kansa, Snead ya koma tsayawa a gefen ƙwallo da ƙafafu a haɗe, amma har yanzu ƙirjinsa na kallon rami. Kafin 2019 kuma mutum yana iya shimfiɗa sanda a ƙasa ya gyara ƙafafunsa, muddin ya ɗauke ta kafin ya buga, mai ɗaukar jaka ma yana iya tsayawa a baya ya ce a matsa dama ko hagu, ya kauce a ƙarshe. Wannan al'ada ta yi yawa ƙwarai, musamman a gasannin mata na Amurka. Yanzu duka biyu sun haramta, kuma wanda ya ajiye wani abu a ƙasa don saiti ya ci tara ko da ya ɗauke shi.

Dokar mai ɗaukar jaka dai ta zo da gargada. Mako guda bayan abin da ya sami Li, aka ci wani ɗan wasa, Denny McCarthy, irin wannan tara a gasar Phoenix, hayaniya ta yi yawa, aka janye ta washegari. Cikin watan Fabrairu hukumomin biyu suka yi ƙarin bayani, cewa in ɗan wasa ya ja da baya ya sake tsayuwa bayan mai jakar ya kauce, babu laifi. Li dai ba a mayar masa da kuɗinsa ba.

GANYEN NICKLAUS

To, in an ƙwace sanda da igiya da madubi da idon mai jaka, me ya rage wa ɗan wasa? Amsar da ta fi shahara ita ce ta Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasanni 18, adadin da ba a kai ba har yau, kuma ya bayyana ta a littafinsa Golf My Way na 1974. Yakan tsaya a bayan ƙwallo ya dubi inda yake nufi, ya jawo layi da ido zuwa ƙwallon, ya nemi wani ɗan abu da ke kan layin 'yan ƙafafu kaɗan a gaba, ko busasshen ganye, ko tabon ciyawa, ko gurbin wani tsohon bugu. Da ya zagayo gefe, wannan ɗan abu yake auna fuskar sandarsa da shi, ba tutar da ke can nesa ba. Doka ba ta hana ba, muddin abin can ya tarar da shi, ba shi ya ajiye ba. Sharaɗin dabarar shi ne alamar ta zama ƙarama ƙwarai, domin kuskuren inci ɗaya a alamar da ke nesa da ƙafa 2 yakan zama yadi 8 a bugun yadi 200.

A tsohon filin St Andrews, inda Nicklaus ya ci gasar Open a 1970 da 1978, ana ganin amfanin wannan sosai. Fili ne fetal a bakin teku, ba itatuwan da za su yi wa ido jagora, 'yan wasa sukan auna hasumiyoyin gari, a rami na 17 ma da haruffan sunan wani otal da ke rubuce a jikin gini ake saiti. Nasarar 1970 ɗin kuwa a bakin rami aka ba shi ita. Doug Sanders yana buƙatar gara ƙwallo ta kimanin ƙafa 3 a rami na ƙarshe ya ɗauki kofi. Ya riga ya tsaya, sai ya hango wani ɗan abu a kan layinsa, ya sunkuya ya kawar, bai ja da baya ya sake tsayuwa daga farko ba, ya buga. Ƙwallon ta zame ta gefen dama. Washegari suka sake ramuka 18, Nicklaus ya yi 72, Sanders 73, kuma har ya rasu a 2020 bai ci babbar gasa ko ɗaya ba.

Kada kuma a fahimci cewa layin dogo farilla ne a kan kowa. Lee Trevino, wanda ya ci manyan gasanni 6, ya kuma doke Nicklaus a wasan raba gardama na US Open a 1971, jikinsa can hagu yake fuskanta, ya turo ƙwallo ta dawo dama ta sauka inda yake so, kuma ba a cika samun wanda ya fi shi daidaita bugu ba a zamaninsa. Bambancinsa da mai koyo shi ne Trevino ya san inda ya fuskanta, da gangan ya yi, kuma haka yake yi kullum.

Saboda wannan ne malamai masu lura ba sa barin almajiri ya wuni a kan sanda. Wurin gwaji yana da nasa ruɗi: tabarmar da ake bugu a kai mai kusurwa huɗu ce, tana yi wa ido jagora, tuta ɗaya ake auna sau 50, sanda kuma tana kwance tana yin aikin da ido ya kamata ya koya. Mutum ya fita fili, inda ƙasa ke da gangare, wurin bugun farko ma wani lokaci an aske shi yana kallon daji, sai ya koma gidan jiya. Abin da suke sa shi yi bayan ya buga 'yan ƙwallaye da sanda a ƙasa shi ne ya ɗauke ta, ya zaɓi wata tuta dabam, ya tsaya a baya ya nemi ganyensa, ya zagayo ya aza fuskar sanda, ya gyara tsayuwa har ya ji ya gamsu. Sa'an nan, ba tare da ya motsa ƙafa ba, a shimfiɗa masa sanda a bayan duga-dugansa, ba a gaban yatsu ba, domin yawancin mutane sukan buɗe ƙafar gaba waje, layin yatsu ya ba da labarin ƙarya. Ya fita ya koma baya ya duba inda sandar ta nuna. Ya canza tuta, ya canza sandar bugu, ya sake, yana riƙe da lissafin sau nawa cikin 10 ya dace, da kuma gefen da ya fi karkata in ya kuskure.